Sandar ƙarfe a cikin ɗaki: motsa jiki ne ko rawar gidan gala?

Zauren Matan Jos na Lafiya da Motsa Jiki

Maman Ilham: Assalamu alaikum matan gida. Shawara nake nema, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa. Ƙanwata da ke Abuja ta shiga wani ajin motsa jiki na mata zalla, irin wanda ake hawa sandar ƙarfe ana juyawa, wata rana kuma a rataye dogon yadi daga sama a hau shi kamar lilo. Da ta zo biki na ga yadda jikinta ya ɗaure, ita ta riƙa sauke tukunyar girki daga murhu ita kaɗai. Ni kuwa tun haihuwar Ilham bayana bai koma daidai ba, tumbin ma ya ƙi tafiya. Muna da ɗaki guda da ba kowa ciki sai tarkace. Ina so a kafa min sandar in riƙa koyo ta bidiyo. Akwai wadda ta taɓa yi a nan Jos? Kuma mai walda zai iya haɗa min, ko dole sai na waje?

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, wace sanda? Ba dai wadda matan turawa ke naɗewa a jikinta a gidan rawa ba?

Ummi Gangare: Ita fa Hajiya 😂

Hajiya Inna: Inna lillahi. 'Yar nan, duk motsa jikin da ke duniya ba ki ga na yi ba sai wannan? Ga tafiya, ga igiyar tsalle, ga daka in ƙarfin damtse kike nema. Mu da muka yi lugude a tsakar gida ba mu san ciwon baya ba. Gobe yarinyarki ta leƙo ta gan ki a liƙe da ƙarfe ƙafa a sama, me za ki ce mata?

'Yar Bukuru: Hajiya da girmanki, amma abin ba haka yake ba. Asalinsa ma ba gidan rawa ba ne. A Indiya akwai wasan da ake kira mallakhamb, 'yan kokawa ne suke horar da jikinsu da shi a kan doguwar sandar katako da ake shafe ta da man zurma. An ambace shi a wani littafi nasu tun ƙarni na 12, a ƙarni na 19 kuma aka farfaɗo da shi a yankin Maharashtra. Jihar Madhya Pradesh ma ta mai da shi wasan jiha a 2013. A Sin kuma 'yan wasan alkafura sun daɗe suna hawan dogayen sanduna cikin cikakkiyar sutura. Maza ne fa ƙarti.

Anti Rifkatu: 'Yar Bukuru, abin da kika faɗa a kan Indiya da Sin gaskiya ne, amma kada mu yi wa Hajiya rufa-rufa. Wannan da ƙanwar Maman Ilham take yi, mai sandar ƙarfe mai sheƙi, ba daga Indiya ya biyo ba. Daga gidajen rawa na dare ya fito, a Kanada da Amurka, inda ya bazu a shekarun 1980. Wadda aka fi ambata da fara koyar da shi ga matan gari, Fawnia Mondey, 'yar Kanada ce, ita kanta mai rawa ce a irin waɗannan wuraren, a 1994 ta fara. Yawancin juyin da ake koyarwa a aji yau masu rawar daren nan ne suka ƙirƙiro shi. Daga baya ne aka tsamo shi aka yi masa dokoki. An kafa hukumarsa ta duniya, IPSF, a 2009, aka yi gasar duniya ta farko a Landan a 2012, a 2017 kuma babbar ƙungiyar hukumomin wasanni ta duniya ta ba su matsayin 'yan kallo, wato ba su kai ga zama cikakkun mambobi ba. Har yanzu dai bai shiga Olamfik ba. A gasar maza na yi, mata na yi, ana ba da maki kamar yadda ake yi wa 'yan jimnastik. To duka biyun gaskiya ne: can ya fito, nan ya iso. Mu ma in na tashi a zumuntar mata na ce ina hawan sanda, kallon da za a yi min ba zai bambanta da na Hajiya ba.

Hajiya Inna: Yawwa Rifkatu, Allah ya yi miki albarka. Gara da aka faɗi gaskiya.

'Yar Bukuru: To amma Anti, in don asali ne, ƙwallon da yaranmu ke bugawa ma ba a tsangaya aka ƙirƙiro ta ba.

Anti Rifkatu: Ni ban ce kada a yi ba. Cewa na yi kada a yi wa abin kwalliyar ƙarya. Mai yi ta san abin da take yi.

Injiniya: Ku ci gaba da muhawarar asali, ni silin ɗin ne ya hana ni sakat. Maman Ilham, ɗakin nan sama da shi dekin ne na kankare, ko POP ne a ƙarƙashin kwano?

Maman Ilham: POP ne Injiniya. Gidan ƙasa ne, ba bene ba.

Injiniya: To tsaya nan. Irin sandar da ake sayarwa ta gida ba kusa ake buga mata ba. Murɗa ta ake yi tana ƙara tsawo har ta tokare ƙasa da sama, wannan matsin shi ke riƙe ta. Saboda haka dole saman ya zama abin da zai iya jure tura: kankare, ko ƙaƙƙarfan katakon da ke ɗauke da rufi. POP kuwa filasta ce da zare aka rataye a jikin siraran katakai, ba ta ɗauke da komai sai kanta. Kina murɗawa za ki ji ta fara ƙara, ko ta tsage nan take, ko kuma ta yi shiru ta bari sai ranar da kika saki ƙafa kika juya da dukkan nauyinki, sandar ta zame ku tafi tare. Na biyun ya fi muni, domin kin riga kin yarda da ita.

Mafita biyu ce. Ko a buɗe POP ɗin a gano katakon rufin, a duba ko gara ba ta ci shi ba, a ƙara masa ƙarfi, a sa faranti na dindindin da noti. Ko ki nemi mai tsayawa da kanta, wadda take da faffaɗan gindi mai nauyi kamar dandamali, ba ruwanta da silin. Ita ta fi tsada kuma tana son ɗaki mai tsayi. Kowacce kika ɗauka, ki bar fili kamar mita ɗaya da rabi ta kowane gefe, domin ƙafa miƙewa take yi in ana juyi. Wardirof da gilashin taga ba sa kaucewa.

Ummi Gangare: Batun mai walda fa? Don ni na san wani a Dilimi, ko jirgi kika zana masa zai haɗa.

Injiniya: Ummi masu waldarmu gwanaye ne, amma wannan ba aikin ƙofa ba ne. Bututun ruwa da za su sayo yana da kaushi da layin ɗinki a jiki, zai yanki fata. In an yi masa fenti, fentin zai ɓare ya bar tsatsa. In bangon bututun siriri ne zai lanƙwashe a tsakiya. Ta asali kaurinta milimita 45 ne mafi yawa, akwai 40 ga masu ƙananan hannu, akwai 50 irin ta da, kuma an goge ta sumul ba inda yatsa zai maƙale. Mai juyawa da kanta boris ne a sama da ƙasa, da makullin da ke tsayar da ita in ana so. Ki kuma yi hattara da na bogi da ake tallatawa a intanet da hoton sandar X-Pole, sanannen kamfanin da ke ƙera su, amma kuɗin bai kai rabi ba. A mahaɗar tsakiya suke karyewa.

Maman Ilham: Kai. Ni da na ɗauka ƙarfe ne kawai a tsaye. To yadin fa? Akwai ƙugiyar fanka a ɗakin.

Injiniya: A'a! Don Allah a'a. Kilo nawa ce fanka, kilo nawa ce ke? Kuma fanka ba ta tsalle. Mutum in ya naɗe a yadi ya sako kansa, ƙarfin da ke fizgar ƙugiyar yakan ninka nauyinsa sau da dama a wannan daƙiƙar. Shi ya sa masu rataye 'yan wasan sama suke bin ƙa'idar cewa kowane ƙarfe da igiya su iya jure ninki goma na abin da za a ɗora musu. Ƙugiyar fanka guntun rodi ne birkila ya lanƙwasa, ba wanda ya auna shi. Ko a gidan dekin ban yarda da ita ba, balle a katakon rufi. Yadin ma ba na kasuwar Terminus ba ne, nailan ne na musamman da aka gwada nauyin da yake ɗauka. Atamfa ko leshi yagewa za su yi.

Malama Hauwa: Salamu alaikum, yanzu na taso daga Islamiyya na tarar da saƙo ya haura ɗari. Bari in sa baki a ɓangaren da ya shafe ni. Motsa jiki ga mace ba abin ƙi ba ne. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Yana cikin Abu Dawud. Ƙarfe kuma ƙarfe ne, ba shi da laifin kansa. Abin dubawa uku ne a wurina: me aka sa, wa ke kallo, da wane irin motsi ake koyo. Mace a ɗakinta ita kaɗai ko gaban mijinta, wannan daban. Amma a aji, ko mata zalla ne, malamai sun ce tsakanin mace da mace daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce. Ni kuwa duk hoton da na gani na masu wannan abin, cinya a waje take. Me ya sa ba sa sa dogon wando?

Anti Ladi mai gashin ƙashi: Malama wannan tambayar ita ce gaba ɗaya maganar. Ba don ado kaɗai suke tuɓewa ba. Fata ce take kama ƙarfen. In za ki zauna a jikin sanda ki saki hannu, cikin cinyoyinki ne suke matse ta. Bayan gwiwa, gefen ciki, hammata, duk wuraren riƙo ne. Ki sa wando mai santsi ki gwada, za ki sulalo kamar an zuba miki ruwan kuɓewa. Shi ya sa sababbin shiga suke cika da kwanciyar jini a ƙwauri da cinya, har fatar ta saba.

Amma akwai hanyar da ta dace da abin da kika faɗa. Akwai sandar da aka lulluɓe da roba mai kamawa, silikon, ita da kaya ake hawanta, in ma kika hau da fata za ta ƙone ki. Irin tsarin 'yan Sin ke nan. Yadi kuma shi dole ne ma ki rufe jiki: dogon wando mai kama jiki, riga mai rufe hammata da ƙugu, domin yadin yana ƙuna in ya goge fata da gudu. Haka zoben ƙarfe da ake ratayewa, bayan gwiwa yake ci in ba a rufe ba. Saboda haka wadda sutura ce damuwarta, wasan sama, wato yadi ko zobe, ya fi mata sandar ƙarfe sauƙi nesa ba kusa ba.

Malama Hauwa: Madalla. To wannan ya rage rabin matsalar. Saura kiɗa da karairaya.

'Yar Bukuru: Wannan ai zaɓi ne Malama. Akwai ajin da rawar ce zalla da dogayen takalma, akwai wanda ba ki jin komai sai "ɗaya, biyu, riƙe, sauko" da nishin mutane.

Hajiya Inna: Ni dai har yanzu ban ga abin da ya kai mutum rataye kansa ba alhali ƙasa ba ta kore shi ba.

Ummi Gangare: Hajiya ke fa kika ba mu labarin yadda kuke hawan mangwaro a Naraguta kuna 'yan mata 😂

Hajiya Inna: Ja'ira. Mangwaro muke tsinkowa, ba a banza muke hawa ba.

Anti Ladi mai gashin ƙashi: Bari in dawo kan Maman Ilham, domin maganar bayanta ce ta fi damuna, kowa ya tsallake ta. Ilham watanta nawa, kuma da kanki kika haihu?

Maman Ilham: Ta kusa shekara Anti. Tiyata aka yi min.

Anti Ladi mai gashin ƙashi: To kafin ƙarfe, kafin yadi, sai an duba cikinki. Mata da yawa bayan goyon ciki naman gaban cikinsu yakan rabu biyu a tsakiya, daga ƙirji zuwa cibiya. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwa, ki ɗan ɗaga kai, ki sa yatsu a saman cibiya a kwance. In yatsu biyu ko fiye suka nutse, ko kika ga tsakiyar cikin ya yi tsini ya taso, to akwai rabuwar. Ita ce sau da yawa take sa tumbi ya ƙi komawa, bayan kuma ya riƙa ciwo don ba abin da ke tallafe shi ta gaba. Ɗaga ƙafafu biyu sama a jikin sanda, wanda shi ne mafarin kifewa, yana cikin abubuwan da suka fi matsa wa wannan wurin. Ki je a duba ki a sashen gashin ƙashi, a ba ki atisayen numfashi da na ƙasan mara tukuna. Ba ya burge kowa, amma shi ne tushe.

Na biyu kafaɗa. Yawancin raunin wannan wasan a kafaɗa da wuyan hannu yake. Mutum ya ga bidiyo, ya yi tsalle ya cafki sanda da hannu ɗaya, ya sake jiki gaba ɗaya ya rataye a kan gaɓar, kafaɗa ta haura har kunne. Jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin ƙanana ne, ba su saba ɗaukar mutum sukutum ba. Tsoka tana saurin ƙarfi, jijiya kuwa a hankali take bi, shi ya sa mai zumuɗi take jin ta iya tun jijiyarta ba ta shirya ba. Kuma kowa yana da hannun da ya fi so, in ba mai koyarwa da za ta tilasta miki yin ɗaya gefen, sai jiki ya karkace.

Ban hana koyo ta bidiyo gaba ɗaya ba. Zagaya sanda, juyin da ƙafa ke kusa da ƙasa, jan jiki sama, duk za ki iya. Amma kifewa kai ƙasa, wannan ba a koyonsa mutum shi kaɗai a ɗaki a kulle. Ana son katifa mai kauri ta musamman da take zagaye gindin sandar, da mutum a tsaye da ya san inda zai tare ki. Faɗuwa a kan wuya daga tsayin mita ɗaya a kan tayil ta isa.

Maman Ilham: Na gwada abin yatsun yanzu. Biyu sun shiga har da ɗan saura.

Anti Ladi mai gashin ƙashi: To kin gani. Ba abin tsoro ba ne, yana gyaruwa. Ki zo a auna da kyau.

Zee Rayfield: Ni na yi ajin a Abuja lokacin hidimar ƙasa, bari in ƙara abin da ba wanda zai gaya muku sai wanda ya taɓa ƙarfen. Yanayin garin yana canza komai. A Abuja wajen Maris zufa ce matsalar, tafin hannu ya jiƙe ki zame. A Jos akasin haka za ki samu. Muna sama da mita 1,200 a kan tudu, sanyin Disamba da Janairu kuwa kun san shi. Ƙarfe mai sanyi ba ya kamawa, busasshiyar fatar hunturu ma ba ta kamawa. Sai kin ɗumama jikinki sosai, kin yi ta goga sandar da hawa-sauka har ta yi ɗumi. Ga kuma babbar rigimar: ranar da za ki hau ba basilin, ba man kaɗe, ba kowane mai. Ki tuna da hunturun Jos a ce kada ki shafa mai! Dabarar ita ce ki shafa da dare, da safe ki yi wanka ki bar jikin haka. Sandar kuma da sifirit da tsumma ake goge ta kafin a hau da bayan an sauka. A cire zobe da awarwaro, suna karce ƙarfen, a yadi kuma suna huda shi. Mai ƙaiƙayi in ta sa ɗan kunnen da ba gwal ba ta guji mai ruwan kurom, sinadarin nikel ne ke ciki, ta nemi ta bakin ƙarfe marar tsatsa ko ta tagulla.

Ummi Gangare: Lalle fa?

Zee Rayfield: Lalle ba ya hana komai in ya bushe an wanke. Man da ake shafawa bayan an cire shi ne matsalar.

Anti Rifkatu: Zee tunda kin yi, gaya mana gaskiya. Waya fa? Don ni abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, ba ƙarfen ba.

Zee Rayfield: Anti kin taɓo inda yake ciwo. Kowa tana son ta ɗauki kanta don ta ga kuskurenta, kuma yana da amfani. Amma ɗakin madubi ne ta ko'ina. Wata ta ɗauki kanta, ke kina can baya a madubi ba ɗankwali, ta ɗora a TikTok. A ajinmu an yi haka, wata matar aure ta fito a bidiyon da ba nata ba, dangin mijinta suka gani kafin ita. Ba ta sake dawowa ba. Duk wadda za ta shiga aji ta fara tambayar dokar waya kafin ta tambayi kuɗi, ta kuma ɗaga kai ta duba ko akwai kyamarar tsaro a ɗakin da wanda ke kallonta.

Malama Hauwa: Wannan ita ce maganar da nake jira. Mata zalla a ƙofa ba ta da amfani in waya ta shiga.

Hajiya Inna: To kun ji. Ni ra'ayina bai canza ba a kan sandar nan, kuma Maman Ilham ki tabbata maigidanki ya sani kafin a fasa masa silin. Amma Ladi, wancan yadin da Zee ta turo hotonsa, mai kama da ragar kwanciya da yake kusa da ƙasa, an ce yana sauƙaƙa gwiwa. Irinmu za su iya?

Anti Ladi mai gashin ƙashi: Wannan na yoga ne Hajiya, yadin a naɗe yake biyu, yana tsayawa daidai ƙugu. Za ki iya jingina da shi ki yi tsuguno ba tare da gwiwa ta ɗauki dukkan nauyin ba, ki miƙe baya, ki zauna ciki. Amma ke kina shan maganin hawan jini, saboda haka duk motsin da kai zai koma ƙasa da zuciya ba naki ba ne. Haka mai hawan jinin ido, da mai juna biyu, da mai yawan jiri, da wadda ba ta daɗe da tiyata ba. Ko ba yadi, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wannan na biyun ne yawancinmu ba ma yi, muna ta tafiya kawai.

Hajiya Inna: Wa ya ce miki zan kife? Tambaya kawai na yi.

Injiniya: Hajiya ko na zama ne, ƙugiyar dai sai an duba. Wadda duk take da niyya ta turo min hoton cikin silin ɗinta ta ƙofar da masu wayarin ke shiga, da fitila a kunne, in ga kaurin katakon da tazararsa. Hoton POP daga ƙasa ba ya gaya min komai.